Shin tunani yana hana miki warkewa?

Wani ɗan kasuwa daga unguwar Zariya a Maraɗi ya aiko da tambaya game da mahaifiyarsa, wadda ta haura shekara 60 kuma tana da ciwon suga. Ruwan zafi ya ƙona ta a ƙwauri wata biyu da suka wuce, tana cikin takabar mahaifinsa, kuma har yau mikin bai rufe ba duk da ana kai ta wanki. Ba ta barci sosai, abinci ma sai an lallashe ta. Maƙwabta suna cewa tunani ne ya hana mikin warkewa, har wata ta ba da shawarar a bar zuwa asibiti a bar ta ta huta. Yana so ya san ko tunani yana da wannan ƙarfin, ta wace hanya, kuma me zai iya yi mata.

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta, ya ba Inna lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da kake yi. Na shafe shekaru ina duba masu miki da masu suga a garin nan, kuma abin da zan fara gaya maka shi ne maƙwabtanku sun faɗi gaskiya a rabin maganarsu. Damuwa tana jinkirta warkewar rauni, an auna wannan da ma'auni an ƙidaya kwanakin. Amma rabin da ya ce a bar asibiti kuskure ne mai haɗari, domin miki a ƙafar mai suga abu ne da kan kai ga yanke ƙafa idan aka yi sakaci da shi.

Bari mu fara da yadda tunani, wanda ba a gani ba a taɓawa, yake isa ga nama da jini. A jikin mutum akwai jijiyoyin da ke ɗauke da jini, akwai kuma jijiyoyin saƙo da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa da laka, kuma na saƙon nake nufi a nan. Wasu daga cikinsu suna aiki da umarninmu, kamar idan ka so ɗaga hannu. Wasu kuwa ba sa jiran umarnin kowa: su ke kula da bugun zuciya, da narkar da abinci, da gumi, da buɗewa ko tsukewar hanyoyin jini. Waɗannan sun rabu gida biyu. Ɓangare ɗaya na ko-ta-kwana ne, shi ke shirya jiki domin faɗa ko gudu, ɗaya kuma na hutu ne, shi ke mai da jiki kan narkar da abinci da gyaran abin da ya lalace. Bahaushe ya san aikin na farko tun kafin likitoci su ba shi suna. Idan muka ce gaban wane ya faɗi, ko cikinsa ya ɗuri ruwa, ko yawun bakinsa ya ƙafe, ko tsikar jikinsa ta tashi, ko gumi ya keto masa, kowace ɗaya bayani ne daidai na abin da wannan ɓangare ke yi idan sinadarin adirenalin ya kwarara cikin jini. Walter Cannon na Jami'ar Harvard a Amurka ne ya tsara bayanin wannan a 1915. Abin lura shi ne jiki ba ya bambanta haɗarin da ke gabansa da wanda ke cikin tunaninsa. Wanda kare ya biyo da wanda ya kwanta da dare yana lissafin bashin da ake bin sa, dukansu zuciyarsu takan yi gudu, hanyoyin jinin fatarsu su tsuke, kuma fatar da jini ya ragu a cikinta ba ta samun isasshiyar iskar da miki ke bukata.

Idan tashin hankalin na minti biyar ne, babu wata illa, jiki yakan koma daidai. Matsalar tana zuwa ne idan ya ɗauki makonni da watanni, kamar yadda yake ga mai takaba. A nan wani sinadari mai suna kotizol ne ke karɓar aiki. Ƙwaƙwalwa tana aika saƙo zuwa wasu ƴan ƙananan gaɓoɓi biyu da ke zaune a kan ƙoda, su kuma su saki kotizol. A ƙa'ida yakan yi yawa da safe ya ragu sosai wajen tsakar dare, amma damuwa da rashin barci suna rikita wannan tsari. Kotizol yana sa hanta ta zuba suga cikin jini, yana rage wa insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ƙarfi, yana kuma danne garkuwar jiki. Hans Selye ya ga alamun haka a 1936 a Kanada: ɓerayen da aka daɗe ana wahalarwa, gaɓoɓin kan ƙodarsu sun kumbura, gaɓoɓin garkuwarsu sun motse, cikinsu ya yi gyambo. Shi kuwa miki yana warkewa ne mataki-mataki. Jini ya daskare, sannan ƙwayoyin garkuwa su taru su share datti da ƙwayoyin cuta, sannan sabon nama ya ciko daga ƙasa, fata ta rufe daga gefe. Matakin taruwar ƙwayoyin garkuwa shi ne kotizol ya fi taɓawa, kuma idan wannan ya yi jinkiri, duk na bayansa sai su yi jinkiri. Ga Inna abin ya zama biyu, tunda sugan da damuwa ke tayarwa shi ma yana hana miki rufewa. A lokacin da aka rufe iyakarmu da Najeriya a 2023, na ga ƴan kasuwa da kayansu suka maƙale, awon sugansu ya hau alhali ba su canza tuwonsu ko maganinsu ba. Wannan ne ya sa nake roƙonka ka duba cikin kwanon da Inna ke ajiye magunguna. Tsofaffi da yawa suna sayen ƙwayar ciwon gwiwa ko ta buɗe ciki a hannun masu tallar magani, kuma wasu daga ciki deksametazon ne, wato ɗan'uwan kotizol wanda ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba. Idan ka same shi, kada ka tsayar mata da shi kwatsam in ta daɗe tana sha, ka kai wa likita ya gani.

Binciken da ya fi dacewa da tambayarka an yi shi ne a Jami'ar Jihar Ohayo a Amurka, aka buga shi a 1995, ƙarƙashin jagorancin Janice Kiecolt-Glaser. An ɗauki mata 13 da ke jinyar miji ko uwa masu ciwon gigin tsufa, da wasu mata 13 sa'anninsu waɗanda ba su da wannan ɗawainiya. Da yardarsu aka yi wa kowace ƙaramin rauni a hannu, milimita 3.5, kamar ƙwayar dawa, aka riƙa ɗaukar hotonsa har ya rufe. Na masu jinya ya ɗauki kusan kwana 49, na sauran kuwa kwana 39. Rauni iri ɗaya, wanki iri ɗaya, amma tazarar ta haura kwana 9. Bayan shekara uku aka sake gwadawa da ɗaliban likitan haƙori 11, aka yi musu rauni a ganɗa sau biyu, ɗaya lokacin hutu, ɗaya gab da jarrabawa. Na lokacin jarrabawa ya ƙara kwana uku kafin ya warke, kuma babu ɗalibi ko ɗaya da nasa bai yi jinkiri ba. A 2005 kuma aka duba ma'aurata 42, aka ga waɗanda ke yi wa juna magana da gatse da ƙiyayya rauninsu ya fi jinkirin rufewa. Ina so ka riƙe girman abin yadda yake. Damuwa ta ƙara kwanaki, wajen kashi ɗaya cikin huɗu ko fiye, amma raunukan duk sun rufe daga ƙarshe. Don haka idan miki ya yi wata biyu a tsaye, tunani yana iya zama cikin dalilai, sai dai ba zan yarda shi kaɗai ba ne sai an auna suga, an duba ko jini yana isa ƙafar, an kuma tabbatar babu ƙwayoyin cuta a ciki.

Akwai wani gwaji da ya nuna iyakar ƙarfin tunani ƙarara. A 2011 a Amurka aka gwada masu asma da maganin shaƙa na gaskiya da kuma na bogi wanda babu komai a cikinsa. Da aka tambaye su, waɗanda suka shaƙi na bogi sun ce sun ji sauƙi kusan daidai da waɗanda suka shaƙi na gaskiya. Amma da aka sa su hura na'urar awon huhu, na gaskiya ya ƙara iskar da suke fitarwa da kashi 20 cikin 100, na bogi kuwa kashi 7 kawai, daidai da wanda ba a ba shi komai ba. Jin sauƙi gaskiya ne kuma yana da daraja, sai dai yana iya ruɗin mutum ya ɗauka cutar ta tafi. Haka ma gyambon ciki, shekara da shekaru likitoci suna ɗora shi kan damuwa, sai da Barry Marshall da Robin Warren na Ostireliya suka gano ƙwayar cutar da ke haddasa mafi yawansa, aka ba su kyautar Nobel a 2005. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci bayin Allah da su nemi magani. Saboda haka idan ka ga mikin ya fara wari, ko gefensa ya yi baƙi, ko ja da kumburi suna hawa sama, ko zazzaɓi ya kama ta, ko ƙafar ta yi sanyi, ka kai ta asibiti a ranar, ko da dare ne.

Yanzu ga ɓangaren hutu, wanda shi ne abin da kai za ka iya taimakawa a kai. Babbar jijiyarsa ita ce wadda likitoci ke kira fagus, ma'ana mai yawo, domin tana saukowa daga gindin ƙwaƙwalwa ta wuya, ta ratsa zuciya da huhu har zuwa hanji. Ita ce linzamin zuciya. Da za a bar zuciya ita kaɗai, da ta riƙa bugawa wajen sau 100 a minti, wannan jijiya ce ke ja mata linzami ta sauko zuwa 60 ko 80. Otto Loewi ya nuna yadda take yi a 1921 a Ostiriya da zuciyar kwaɗi biyu: ya motsa jijiyar zuciya ta farko har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwan da take ciki ya zuba wa ta biyu, ita ma nan take ta rage gudu. Ashe jijiyar sinadari take saki. Abin da ya fi amfani a gare mu shi ne wajen kashi 80 cikin 100 na zaren wannan jijiya daga jiki yake kai labari zuwa ƙwaƙwalwa. Wato kamar yadda tunani ke tayar da jiki, haka jikin da ya natsu yake gaya wa ƙwaƙwalwa cewa lafiya lau. Kuma a cikin duk ayyukan da ke tafiya da kansu, numfashi ne kaɗai muke iya kama linzaminsa da gangan. Gwada da kanka kafin ka koya wa Inna. Ɗora yatsu biyu a wuyan hannunka ta gefen babban yatsa har ka ji bugun, ka ja numfashi a hankali, sannan ka sake shi a hankali. Za ka ji bugun ya ɗan ƙara sauri lokacin ja, ya lafa lokacin saki. A matasa ya fi fitowa fili, a tsofaffi da masu suga yakan yi rauni, amma yana nan. Ajiyar zuciya da mutum ke yi bayan ya sha kuka ma wannan aikin take yi.

Yadda nake koya wa marasa lafiya ba shi da wuya. Ta zauna a kan tabarmarta ta jingina da bango, ƙafar mai miki a miƙe bisa matashi, ta ɗora hannu a kan ciki. Ta ja numfashi ta hanci tana ƙirga huɗu har ta ji cikin ya ɗaga hannun, sannan ta sake shi tana ƙirga shida. Wannan yakan ba da numfashi wajen 6 a minti, maimakon 12 zuwa 20 da aka saba. Minti biyar sun isa a farko, daga baya goma, sau biyu a yini, kuma bayan Asuba da bayan Isha'i sun fi sauƙin kiyayewa tunda tana zaune a kan abin salla. Idan ta ji jiri, ta koma numfashinta na kullum, alama ce ta ja da ƙarfi fiye da kima. Da dare kuma za ta iya dunƙule hannu da ƙarfi na ɗan lokaci ta sake, ta ɗaga kafaɗu ta sake, ta yamutsa fuska ta sake, tana lura da bambancin. Edmund Jacobson ne ya tsara wannan dabara a Amurka, kuma amfaninta shi ne mai damuwa sau da yawa bai san jikinsa a ɗaure yake ba sai ya ji yadda sakewa take. Ƙafar mai miki dai a bar ta kada a matse ta.

Ga dattijuwa irin Inna, ba na fara da ƙirga, da carbinta nake farawa. Herbert Benson na Harvard ya bayyana a 1975 cewa abin da ke jawo natsuwar jiki shi ne wuri mai shiru, da zama mai daɗi, da maimaita kalma ɗaya, da kuma dawo da hankali kan kalmar ba tare da faɗa da kai ba duk lokacin da ya tafi wani wuri. A 2001 Luciano Bernardi a Italiya ya auna mutane suna maimaita addu'ar Kiristoci da carbi, ya ga numfashinsu ya sauko da kansa zuwa wajen 6 a minti, bugun zuciya da awon jini kuma suka daidaita da shi. Awonsa a kan addu'ar Kirista da ta masu yoga aka yi shi, amma duk wanda ya zauna yana istigfari ko salati a natse ya san numfashi yakan bi kalmomin. Ba ina mai da zikiri motsa jiki ba ne, ibada ce, kuma ladanta yana wurin Allah, wanda ya ce a Suratur Ra'ad, aya ta 28, da ambatonsa zukata ke natsuwa. Abin da nake ba da shawara kawai shi ne ta rage sauri, kalma ɗaya ko biyu a kowane sakin numfashi, maimakon jan carbi da gaggawa hankali yana wani wuri. Malamanmu na da ba su raba lafiyar jiki da ta rai ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya shawarci mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana lafiya, kamar yadda ake ajiye magani a gida domin ranar bukata.

Abin da ya fi ba ni takaici a gidajenmu shi ne kalmar nan ta "ki daina tunani". Da kyakkyawar niyya ake faɗinta, amma ba ta aiki, tana ma ƙara nauyi, domin yanzu bayan baƙin cikin rashin miji an ɗora mata laifin rashin warkewarta. An gwada wannan a 1987, aka ce wa mutane kada su tuna wata dabba, sai ga shi ta fi yawan faɗo musu a rai. Matar da ta yi shekara 40 da mutum ba za ta manta da shi don an umarce ta ba. Ka zauna kusa da ita bayan Magariba, ka ajiye waya, ka bar ta ta ba ka labarinsa, in ta yi kuka kada ka yi saurin katse ta. Ka nemi sanin ainihin abin da ke hana ta barci, domin sau da yawa ba mutuwar ba ce kaɗai, akwai zullumin rabon gado, ko inda za ta zauna bayan takaba, ko kuɗin wankin miki da take ganin tana ɗora maka. Wanda za ka iya warwarewa ka warware shi ka gaya mata ƙarara. Maganar gado da rigimar dangi kuma a yi su nesa da ɗakinta. Masu zuwa dubiya su ma a ja musu kunne, don na sha ganin an zauna a gaban mai miki ana ba da labarin wance da aka yanke wa ƙafa.

Ranar wanki ita ce ta fi tsanani. Na tuna wata tsohuwa da ke riƙe ƙarfen gado har yatsunta su yi fari tun ba a kwance bandeji ba, ta ɗauke numfashi gaba ɗaya, gumi yana ɗiga daga haɓarta. Da muka fara gaya mata kowane abu kafin mu yi shi, cewa yanzu ruwa ne mai sanyi, yanzu zai yi zafi na ƙirga goma, jikarta tana riƙe da hannunta suna sakin numfashi tare, sai ta daina fashin zuwa wanki, kuma zuwan da take yi a kan lokaci ne ya warkar da ita. A 1964 a Boston an nuna cewa waɗanda likita ya zauna ya yi wa bayanin ciwon da za su ji bayan tiyata, da yadda za su sassauta jiki, sun bukaci kusan rabin maganin kashe zafin da sauran suka bukata, kuma an sallame su da wuri. Kana da damar roƙon mai wankin ya yi mata bayani, da kuma tambayar likita ko za ta sha maganin rage zafi kafin a fara.

Barci da abinci ba sa bukatar dogon bayani. Nama ba ya cikowa sai da abin gina shi, don haka wake, ƙwai, kifi, nono marar suga da zogale su riƙa shiga kwanonta, ko kaɗan-kaɗan ne. Shayi mai ƙarfi da goro a bar su daga La'asar. Kada ka saya mata ƙwayar barci a kasuwa, tana sa tsofaffi jiri da faɗuwa, kuma jiki yana sabawa da ita. Idan kuwa ka ga ta yi fiye da mako biyu ba abin da ke faranta mata rai ko kaɗan, tana ramewa, ta daina kula da tsaftar jikinta, ko tana cewa gara ta bi shi, wannan ya wuce makoki ya zama ciwon da ke da magani, ka faɗa wa likitan da ke duba ta ya haɗa ku da masu kula da lafiyar ƙwaƙwalwa.

Ka kuma tuna cewa matan nan 13 da rauninsu ya yi jinkiri ba marasa lafiya ba ne, masu jinya ne. Ka dubi wadda ke kwana da Inna, ko maiɗakinka ce ko ƙanwarka, ka raba mata kwanakin da wasu, kai ma ka auna jininka, tunda kasuwa da jinya da rashin uba duk a kanka suke. Shi kuma mikin, ka roƙi mai wanki ya auna tsawonsa da faɗinsa sau ɗaya a mako ya rubuta a katinta tare da awon suga. Idan mako huɗu suka wuce bai ragu a fili ba, ka nemi a tura ta babban asibitin jiha a duba hanyoyin jinin ƙafar.